Riruwai: Kuza Ta Sake Tsada, Amma Wa Ya San Abin da Ke Cikin Buhu?

Riruwai na cikin ƙaramar hukumar Doguwa, can ƙuryar kudancin jihar Kano, bayan an wuce Tudun Wada da dajin Falgore, wajen da ƙasar Kano ke haɗuwa da ta Kaduna da Bauchi. Ƙasar tudu ce mai duwatsu, damininta ya fi na birni nauyi. Duwatsun da suka kewaye garin dangi ɗaya ne da na Jos, masana ilimin ƙasa kuma sun ƙiyasta shekarunsu sun haura miliyan 160. A cikinsu akwai wata jijiyar ma'adini da ta miƙe daga gabas zuwa yamma kimanin kilomita 5, zurfinta ya wuce mita 400. Kuza ce da tutiya a cakuɗe, da ɗan dutsen dalma da tagulla da wulfuram, wani baƙin ma'adini mai nauyi. Tutiya ita ce ƙarfen da ake shafe kwanon rufi da shi don kada ya yi tsatsa. A kwarin Kaffo kuma akwai dutse mai ɗauke da niyobiyam, wanda ake ƙara wa ƙarfe ƙarfi da shi.

Abin da wannan nazari ya sa a gaba shi ne halin da masu haƙar hannu na wannan yanki suka tsinci kansu tun daga 2020, lokacin da farashin kuza da na man fetur da darajar naira suka riƙa juyawa cikin watanni kaɗan. Ra'ayina shi ne babbar asarar Riruwai ta fi ƙarfin rashin injina. Duk lokacin da arziki ya zo garin, sanin abin da ke cikin ƙasa da abin da ke cikin buhu yana hannun baƙo, idan ya tashi kuma da saninsa yake tafiya.

Yadda aka zo nan

Tun kafin Turawa su shigo, mutanen Riruwai na narka kuza a tanderun ƙasa. Sukan jera tsinkayen ciyawa su yi mazubi da su, su kwarara narkakken ƙarfen, ya fito sirara-sirara, fatake su ɗauka su kai kasuwanni. A ƙarni na 19 wasu daga cikinsu suka ƙaura suka kafa Ririwan Dalma a ƙasar Bauchi, suka ci gaba da sana'ar. Waɗannan tsinkayen kuza ne ma'aikatan wani kamfanin Turawan Ingila mai suna kamfanin Neja suka gani a hannun fatake, har a 1902 kamfanin ya tura masu bincike su bi sawunsu. Ba a daɗe ba kamfanonin Ingila suka cika tudun Jos, dokokin mulkin mallaka suka ba su filaye, aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa Bukuru a 1914. Narkar gargajiya ta mutu. Jikokin waɗanda suka iya fitar da ƙarfe daga dutse suka koma ɗaukar ƙasa a kwanon sarki, kuza kuma aka riƙa loda ta ɗanya zuwa Ingila, har farkon shekarun 1960 da aka buɗe masana'antar narka ta Makeri a Jos.

Akwai wani abu da ya faru a wancan zamani da ya kamata duk mai haƙa ya riƙe. Tare da kuza ana samun wani baƙin ma'adini mai nauyi, kwalambait, wanda shekaru da dama ake ɗaukarsa datti mai rage wa kuza daraja, ana zubarwa a juji. A farkon shekarun 1950 Amurka ta fara saye tana tarawa saboda ƙarfen injinan jiragen sama, farashi ya tashi, kamfanoni suka koma suna tonon jujinsu, Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Leburan da ya yi shekaru yana zubar da shi bai ci komai a ciki ba, domin ba shi da labarin mene ne.

Wani zagayen ya zo bayan gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Najeriya a 1972. A ƙarshen shekarun 1970 aka buɗe aikin ƙarƙashin ƙasa a kan jijiyar Riruwai, da injiniyoyi da manyan injina, da niyyar fitar da kuza da tutiya tare. Kafin tsakiyar shekarun 1980 aikin ya tsaya. Sai kuma a watan Oktoba na 1985 majalisar kuza ta duniya, wadda ke saye tana tarawa don riƙe farashi, ta kasa biyan bashinta, kasuwar ƙarafa ta Landan ta dakatar da cinikin kuza, farashi ya faɗi kusan rabi. Wannan ya rufe ƙofar dawowa. Ramin ƙarƙashin ƙasa da aka daina zuƙe ruwansa cika yake yi. Taswirar ramuka da sakamakon gwajin duwatsu kuwa takardun kamfani ne, suna bin kamfani. Mutanen gari suka saura da diga da shebur da abin da idonsu ya gani.

Abin da ya sauya tun 2020

A watan Maris na 2020 tan ɗaya na kuza ya faɗo ƙasa da dala 15,000. A Maris na 2022 ya kai wajen dala 50,000, kafin ƙarshen wannan shekarar ya sake faɗowa ƙasa da dala 20,000. Dalilin buƙatar a bayyane yake: kusan rabin kuzar duniya na tafiya ne a ƙarfen liƙi, wanda kowa ke gani masu gyaran waya da rediyo na narkawa, kuma babu waya ko kwamfuta ko farantin sola da ba ya cikinsa. Ƙasashen da ke fitar da ita ba su da yawa, shi ya sa da yankin Wa na ƙasar Myanmar ya dakatar da haƙa a Agustan 2023, kasuwa ta ji a jikinta.

A gida kuma, ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, daga baya ta haura 1,000. A watan Yuni aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ga mai haƙa, wannan ya zo da fuska biyu. Kuɗin kuza a naira ya ninka, domin da dala ake yi mata farashi a waje. Kuɗin zuƙe ruwa da na niƙa da na mota su ma sun ninka, kuma su kullum ake biyansu, ko an samu ko ba a samu ba. Gwamnatin tarayya a nata ɓangaren ta soke lasisi 1,633 a Nuwamban 2023, ta kuma ƙaddamar da dakarun tsaron ma'adinai daga jami'an Sibil Difens a Maris na 2024. Wanda ke haƙa ba takarda ya fi shiga haɗari fiye da da.

Daga bakin rami zuwa sikeli

A nan ne kuɗin ke ɓacewa, don haka a nan zan daɗe.

Wankin kuza aiki ne na nauyi. Kuza ta ninka yashi nauyi fiye da sau biyu da rabi. Mai wanki zai tsuguna a bakin ruwa da ƙwarya ko kwano, ya ɗebi daƙaƙƙen dutse, ya nutsar, ya riƙa juyawa yana karkata baki. Farin yashi ya fara bin ruwa, sai ja, har a bar wani baƙi-baƙi a gindin kwano. Gwani yana jin nauyin a wuyan hannunsa tun kafin ya gani. Inda kaya suka yi yawa, sai a haƙa doguwar kwata mai gangara, a saki ruwa, mutum ya tsaya da shebur yana turo ƙasar sama, mai nauyi ta kwanta, marar nauyi ta wuce. Wannan fasaha ce ta gaske, ban kuma ga dalilin raina ta ba. Amma tana da iyaka guda biyu. Ƙananan ƙwayoyin kuza masu laushi kamar gari ruwa na tafiya da su. Sannan duk wani abu mai nauyi yana kwantawa tare da kuzar: wulfuram, kwalambait, baƙin yashi, da dutsen dalma, irin wanda ake yin kwalli da shi, wanda nauyinsa ya ma ɗan fi na kuza. Ido ba ya iya raba su sosai, duk baƙi ne.

Haka za a shanya, a zuba a buhu, a kai wa mai saye. Abin da ake faɗa a bakin sikeli kusan ɗaya ne a duk filayen kuza. Mai kaya ya ce, Alhaji a duba dai, wankin nan ya yi kyau. Mai saye ya damƙi kaɗan ya watsa a tafin hannu ya ce, samari kayanku da datti, sai dai in rage. Daga nan sai ciniki, amma cinikin gefe ɗaya ne, domin mai saye zai kai kayan inda za a gwada su da na'ura, ya san abin da zai samu, mai kaya kuwa ƙiyasi yake yi. Sau da yawa ma mai sayen shi ne ubangidan da ya ba da kuɗin abinci da na mai tun farkon aiki, da sharaɗin ba za a sayar wa kowa ba sai shi.

A yi lissafi a gani. Tsantsar dutsen kuza yana ɗauke da ƙarfe kusan kashi 79 cikin 100, masu narkawa kuma sun fi son kayan da suka kai wajen 70. A ɗauka buhu mai kilo 50 ya kai kashi 65, aka saye shi a matsayin mai 55. Bambancin kilo 5 ne na ƙarfe. Idan tan yana dala 30,000, kamar yadda ya yi ta kewayawa a 2024, kilo 5 ɗin dala 150 ne a kasuwar duniya, a buhu ɗaya. Ba a ma zo maganar wulfuram da kwalambait ɗin da aka kira datti aka rage kuɗi saboda su ba, alhali mai saye zai ware su ya sayar daban.

Abubuwan da ke gyara wannan ba sababbi ba ne a duniya. Na farko teburin girgiza: faffaɗan tebur mai ƙananan layuka, an ɗan karkata shi, inji na girgiza shi ruwa na bi ta kai, kaya su rabu layi-layi bisa nauyinsu, har garin kuzar da ƙwarya ke asararsa ya tsaya. Na biyu injin mayen ƙarfe mai ƙarfi. Kuza ba ta bin mayen ƙarfe, wulfuram da kwalambait da baƙin yashi kuwa suna bi kaɗan-kaɗan, don haka idan busassun kaya suka wuce ƙarƙashinsa sai su ware. Masu sarrafa kuza a Jos sun daɗe da shi. Na uku na'urar gwaji ta hannu, wadda ake ɗora wa kaya ta haska su ta nuna kason kowane ƙarfe cikin daƙiƙoƙi. Tana da tsada ƙwarai, ba ta mutum ɗaya ba ce. Tana kuma yaudara idan ba a cakuɗa kayan sosai kafin a ɗebi samfur ba, domin saman abin da aka ɗora mata kawai take karantawa. Ƙungiyar da ba ta iya saye ba za ta iya aika samfur lokaci-lokaci zuwa ɗakin gwajin Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya a Kaduna, ta kwatanta da abin da masu saye ke gaya mata. Ko sau uku aka yi haka, magana a bakin sikeli za ta sauya.

Teburin girgiza kuwa, masu walda na Kano da na Panteka a Kaduna da ke ƙera injin casar shinkafa da na niƙa ba zai gagare su ba, idan injiniya ya ba su awo daidai: yawan karkata, tsawon girgiza, tazarar layuka. Na fi son wanda aka ƙera a nan ko da bai kai na waje kyau ba, saboda ranar da bel ya tsinke ko boris ya ci, a Tudun Wada ko Kano za a samo, aiki ba zai kwana wata yana jira ba.

Ruwa, hayaƙi, ƙura

Tsadar fetur ta sa kowa na maganar sola, kuma gaskiya ne cewa sumo da faranti sun sauya noman rani a wurare da yawa. Sai dai rami ba gona ba ne. Ruwa na tsattsafowa dare da rana, ya fi yawa da damina lokacin da hadari ke rufe rana. Sumon rijiyar burtsatse kuma don ruwa mai tsabta aka yi shi, ruwan rami mai yashi na cinye cikinsa da wuri. Wanda zai yi abin ya ɗore sai ya haƙa ɗan gurbi a gindin rami inda laka za ta kwanta, ya nemi famfon da aka yi don ruwa mai datti, ya bar janareta a matsayin na ko-ta-kwana don asuba da ranar hadari.

Babbar ribar famfon lantarki ma rai ce, kafin kuɗin mai. Injin ban-ruwa mai fetur ba ya iya jawo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, shi ya sa idan rami ya yi nisa ake sauke shi ciki. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar wari marar launi, mutum ya ji ciwon kai da kasala, ya zauna ya huta, shi ke nan. Wanda ya sauka ceto shi ma ya faɗi. Kunna kyandir a rami na iya nuna ƙarancin iskar shaƙa, amma ba ya nuna wannan guba. Inji ya zauna a sama nesa da bakin rami, waya da tiyo kawai su sauka, a kuma sa fanka mai tura iska ta doguwar leda zuwa ƙasa.

Ƙura ita ce ta fi ba ni tsoro, saboda ba ta kisa a ranar. Dutsen jijiyar Riruwai cike yake da farin dutsen nan mai tauri da ake kira ƙanƙara, niƙa shi a bushe na tayar da ƙurar da ke daskarar da huhu a hankali, ba ta kuma da magani. Ga dalma a ciki. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana kai dutsen zinare cikin gidaje ana daka shi ana niƙawa a injin hatsi, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana jinya a can, aka kankare ƙasar gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Abin da aka koya a can bai da tsada: niƙa da ruwa, a wajen gari, ban da yara a wurin, mai aiki ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida, injin dutse kuma kada ya taɓa hatsi. Tarin ƙasar da aka gama wankewa ma a kula da inda ake zubar da shi, domin dutse mai farar wuta idan ya sha ruwa da iska yana fitar da ruwa mai tsami da ke kwashe ƙarafa ya kai rafi da rijiya.

Wa ke jan ragama?

Duk abin da na lissafa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma a nan shugabanci ke shigowa. Iko a wurin haƙa a rarrabe yake. Sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 ya ba gwamnatin tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Gonar kuma ta wani ce, ya gāda, dagaci da mai unguwa sun san iyakarta. A bakin rami heluma, wato shugaban leburori, ke faɗa a ji, kuɗi kuma na ubangida ne. Kowa na riƙe da guntu, babu mai riƙe da lissafi.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta buɗe ƙofa: ƙungiyar gama-kai mai rajista na iya neman lasisin ƙananan masu haƙa daga ofishin rajistar filayen ma'adinai na tarayya, a kan filin da bai wuce murabba'in kilomita 3 ba, na shekara 5 da ake iya sabuntawa, da amincewar mai ƙasa. Takardar na kare su daga kamu, tana kuma hana wani ya zo daga Abuja da lasisi a kan ramin da suka yi shekaru suna ci. Amma ƙungiyar da aka kafa don karɓar takarda kawai, sunan mutane a jere shugaba na cin gashin kansa, ba ta fi ubangida ba.

Ni da abu uku nake auna shugaban irin wannan ƙungiya. Yana da littafin da kowane mamba zai iya buɗewa, a rubuce wane rami ya ba da nawa, gwaji ya nuna kashi nawa, wa ya saya a nawa? Littafin nan bayan shekara biyu shi ne taswirar da garin bai taɓa mallaka ba. Yana iya cewa a fito daga rami idan bango ya fara zubar da ƙasa bayan ruwan sama, ranar da kuza ke fitowa, samari na cewa Maigida a bar mu mu ƙarasa? Wannan ya fi kowanne wuya, domin duk kwanan da aka tsaya abincin wani ne. Sannan yana ware wani abu a gefe lokacin tsada? Wanda ya ga 2022 ya san farashi na iya rabewa biyu tsakanin rani da kaka, bashin inji kuwa ba ya raguwa.

Akwai kuma rawar da makarantu za su taka. Jami'ar Bayero da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil duk suna koyar da ilimin ƙasa, Kwalejin Fasaha ta Kaduna kuma ta daɗe tana horar da injiniyoyin ma'adinai. Ɗalibai na zuwa irin waɗannan wurare su ɗebi samfur su rubuta kundi. Dagaci na da ikon ya ce duk wanda ya ɗebi dutse ko ruwan garin, ya dawo da kwafin sakamako, ya kuma tsaya ya yi bayani da Hausa a gaban jama'a.

Maganar tutiya

Saura abu ɗaya da ƙungiya ba za ta iya ba komai ƙoƙarinta. Tutiyar da ke cikin jijiyar ba ta rabuwa da kyau da wanki ko mayen ƙarfe. Sai an niƙa dutsen ya yi laushi, a zuba a tankuna da sinadarai, a hura iska, ƙwayoyin tutiya su manne wa kumfa su taso a kwashe. Wannan na son masana'anta, da wutar da ba ta yankewa, da madatsar ajiye laka, ga kuma zuƙe ruwan zurfin ɗaruruwan mita. Aikin babban kamfani ne, kuma muddin farashi na sama, masu sha'awa ba za su rasa ba.

Dokar 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, a kuma sake duba ta duk shekara 5. Yawanci abin da gari ke nema a irin wannan zama shi ne burtsatse da ajujuwa da gyaran hanya, kuma duk ana buƙatarsu. Da za a tambaye ni, sai in ce a ƙara sharuɗɗa huɗu a rubuce: a ajiye kwafin taswirar ramuka da sakamakon gwaji a garin, ana sabunta shi, ɗakin gwajin kamfani ya riƙa auna kayan ƙananan masu haƙa a kan kuɗi sananne, a ɗauki adadi sananne na 'ya'yan yankin a koya musu aikin famfo da lantarki da awon ƙasa har su sami takardar shaida, a kuma gwada ruwan rijiyoyi da rafuka kafin a sa diga, a ba dagaci da ƙungiya sakamakon, don ranar da ruwa ya sauya a san daga inda aka tashi.